Wanda Dodon Yumɓu Ya Haɗiye

Kwanan baya wani abokina da ke aiki a Kano ya biyo ta shagona a Kura, inda nake gyaran injinan ban-ruwa, ya miƙo mini wayarsa yana ta dariya, wai in ga aikin banza. Wasu Turawa ne, ƙarti da gemunsu, sun kewaye tebur, an jera musu 'yan dodanni na roba da ba su wuce babban yatsa ba, an yi musu fenti har da farata. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa da ɗan mutum-mutuminsa, in an zo wurin haɗari sai a jefa wani abu irin na ludo a ga wanda zai tsira. Abokina ya ce, "Ka ga waɗanda yunwa ba ta dame su ba." Na taya shi dariya don kada ya ji na gwale shi. Amma da ya tafi, ko noti ɗaya na kasa ɗaurewa. Na san wasan nan. Kakata ta yi mini shi da laka, ita da ko Bature ba ta taɓa gani ido da ido ba.

Sunana Habibu, kuma ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, saboda kunya. Da na isa yaye aka ɗauke ni daga Kura aka kai ni wurin Iya, mahaifiyar mahaifiyata, a wani ɗan ƙauye ta wajen Bunkure. Yayen da bai ƙare ba ke nan. Ita kanta mahaifiyar tawa Yaya nake ce mata, don abin da na ji Kawu Sale, ƙaninta, yana kiranta ke nan.

Gidan Iya shi kaɗai ne a tsallaken kanal ɗin ban-ruwa. Kakana ya gina shi a can don ya kusanci gonarsa, ya rasu ya bar mu da nisa. Da rana ina haye 'yar gadar siminti in je makaranta, amma da an yi la'asar Iya ta kafa doka, ba ni ba bakin ruwa, tun da kanal ɗin ya taɓa tafiya da ɗan wasu. Kawu Sale kuwa lokacin noman rani rabin rayuwarsa a gonar tumatir take. Saboda haka in magariba ta yi, mu biyu muke saura. Ina jin yaran gari a wancan tsallaken suna langa, suna kiran sunayen juna, muryarsu tana biyo kan ruwa ta iso ni tsaf. Ban taɓa gaya wa Iya ba, amma kaɗaici ya ci ni a gidan nan. Ashe tana gani.

In mun gama cin tuwo sai ta zuba buntun shinkafa a kan garwashi, ya riƙa ci a hankali yana korar sauro, ta jawo wani tsohon tire da ta cika da rairayi.

"Maigida," haka take kirana, "ka kawo cefane, ko yau ma da labari za mu kwana?"

"Da labari."

"Allah ya haɗa ni da miji. To matso."

Da yatsa take zana duniya a kan rairayin nan. Ga babban kanal, ga ƙananan da suka fita daga jikinsa, ga gari, ga ƙofar ruwa. Sannan ta kwance wani tsumma ta fito da mutanenta. Ranar da aka rufe ruwa take sauka ta yanko yumɓu a gefen kanal, ta murza su ɗaya bayan ɗaya, ta jera su kusa da murhu su bushe. Akwai Sarkin Kwaɗi mai tumbi. Akwai Uwar Jan-baki, shugabar tsuntsayen da ke cinye wa mutane shinkafa, an soka mata gashin kaza. Akwai wata Tsutsa doguwa da ta ce ita ce kakar duk tsutsar da ke huda tumatirin Kawu. Akwai ni, ɗan mitsitsi da tsinke a hannu a matsayin mashi, kuma Habibu ta sa masa, ba ta ɓoye ba. Sai Dodo. Shi ya kai dunƙulen hannun babba, cikinsa rami ne kamar tulu, bakinsa a wangame, haƙoransa ƙayoyin bagaruwa da ta kakkafa suna kallon ciki. Abin da ya shiga bakin nan ba ya fita da sauƙi.

Duk cikinsu ba mai ido. Baki dai kowa ta tsaga masa da tsinken tsintsiya, sai mace ɗaya, mai ɗan ɗaurin kallabi, da ta bar fuskarta a shafe.

Iya ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Laka ta tashi." Ni kuma in ce, "Ta tashi mu bi ta."

Labarin ɗaya ne, kullum ana ɗorawa daga inda aka tsaya. Wai a can ƙarshen ruwa, inda kanal ke isa a gajiye, akwai wani gari. A ƙarƙashin ƙofar ruwansu wani Dodo yake zaune, shi kuma sunaye yake ci. Duk yaron da aka kira sunansa da ƙauna har Dodo ya ji, to ya zama nasa. Wata mace ta haifi ɗa, ta ga ba za ta iya kame bakinta ba, sai ta tafi da ƙafarta ta ce wa Dodo ya karɓi muryarta ya bar mata yaron. Dodo ya haɗiye muryar. Yaro ya girma bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. Ran nan ya ɗauki mashi ya ce sai ya je ya ƙwato muryar daga cikin Dodo.

Daga nan Iya ba ta ƙara gaba ita kaɗai. Sai ta tsaya ta dube ni.

"To, Maigida, ga Uwar Jan-baki ta tare hanya da 'ya'yanta, sun rufe rana. Me za ka yi?"

"Zan buga gwangwani, yadda ake yi a gona."

"Jefa mu gani."

Wuri huɗu take da su, da ta ciro daga jikin wata tsohuwar ƙwarya. In na jefa, uku suka buɗe baki sama, dabarata ta ci. In suka kife, na sha kashi, sai in koma baya ko in rasa mashina in yi kwanaki ina neman wani. Iya ba ta taɓa yi mini alfarma ba. Ko na yi kuka, sai ta ce, "Wuri ba ya jin kukan miji." Tsutsar nan kaɗai ta riƙe ni kusan duk lokacin dashe.

Wani dare Kawu Sale ya dawo da wuri ya same mu. Ya tsaya da fartanya a kafaɗa ya ce, "Haba Iya, gumaka da wuri a gidan Musulmi?"

"Ka ga ido a jikinsu?" in ji ta. "Malam ya ce mai ido ne zai bi ni bashin rai ranar gobe. Wuri kuwa ba kuɗi aka zuba ba, ran mijina aka zuba. Wuce ka ci tuwonka."

Ya zauna yana cin tuwo yana gunaguni. Kafin ya suɗe kwano sai ga shi yana cewa, "Kai, bi ta bayansa mana, kwaɗo ai ba ya waiwaye."

Na san wace ce matar nan marar baki. Iya ma ta san na sani. Ba wanda ya taɓa faɗa a cikinmu. Amma a raina na ƙulla wani abu irin na yara, na kuma yarda da shi kamar yadda na yarda da wayewar gari: ranar da na ƙwato muryar nan a kan tire, ranar Yaya za ta kira sunana. Ba alewa nake so ba, ba kuma a mayar da ni Kura ba. In ji yadda Habibu yake fita daga bakinta, shi ke nan.

Ina aji uku ko huɗu, ana tsakiyar tsinkar tumatir, sai Kawu ya ce Yaya za ta zo ta duba Iya ta kwana ɗaya. A lokacin kuwa na ci Tsutsa, na yi sulhu da Sarkin Kwaɗi, ina dab da ƙofar ruwa. Na ce a raina abin ya zo daidai. Ranar na yi wanka ba a ce in yi ba. Na roƙi Kawu ya kamo mini karfasa biyu, na wanke su da kaina.

Ta iso a bayan babur ɗin Kawu, da goyo, da ƙanwata Zainabu a gaba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon katanga. Na miƙa kifin da hannu biyu. Ta juya ta ce, "Iya, ki ce wa yaron nan ya ajiye a can." Wunin nan kuwa sunan Zainabu bai huta ba. Zainabu sauko, Zainabu zo ki sha ruwa, Zainabu kada ki je bakin ruwa. Ina zaune a gindin turmi ina ji. Na ji haushin yarinyar nan da ba ta yi mini komai ba.

Bayan isha'i Yaya ta shige ɗaki da yaran, ta saki asabari. Muna jin tana ɗan bubbuga bayan jaririn. Iya ta yi kamar ba za ta ɗauko tire ba, ni na je na jawo shi.

"Laka ta tashi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta tashi mu bi ta."

Ta ajiye Dodo a ƙofar ruwa, ta ajiye ni a gabansa. "To ga ka ga shi. Kana da igiya, Sarkin Kwaɗi kuma ya yi maka alkawarin taimako in ka jira ruwa ya janye. Me za ka yi?"

"Zan shiga cikinsa in ɗauko muryar."

"Yau? Maigida, mai dabara jira yake."

"Yau. Gobe za ta tafi."

Bakina ne ya suɓuce. Iya ta dube ni, ta dubi asabari. Ta zuba mini wurin a tafin hannu. Na karanta duk abin da na haddace a makarantar allo, na tofa, na jefa.

Duka huɗun suka kife.

Iya ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kai hannu za ta kwashe, tana cewa, "Wannan ba jifa ba ce, hannunka ne ya zame. Sake."

Na riƙe hannunta. Ko a lokacin na san abin da aka ba ka don tausayi ba ka ci shi ba, kuma in ban ci da gaske ba muryar ba za ta fito ba. Na ɗauki ɗan Habibun da kaina na tura shi ta tsakanin ƙayoyin nan, na ji ya faɗa ciki ƙwal. Na ɗaga murya yadda na tabbata za a ji a ɗaki na ce, "Bar shi, Iya. Dama ba mai nemansa."

Bubbugar da ake yi wa jaririn ta tsaya. Na jira. Ba abin da ya fito daga ɗakin nan. Kwaɗi suna ta kuka a kanal, can nesa injin wani yana jan ruwa. Iya ta ɗaure mutanenta a tsumma ta sa a bakin rumbu, ba ta rufe labarin da komai ba, ni kuma na je na kwanta na juya wa kowa baya.

Da safe Yaya ta shirya tafiya. Na lura ta ɗaure yatsunta biyu da ƙyalle. Iya ta ce, "Me ya same ki a hannu?" Ta ce, "Ƙaya ce, a itace." Iya ta dube ta, ta ce Allah ya sawwaƙe. Babur ya tashi, na bi su da ido har suka haye gada, ba ta waiwayo ba.

Da suka ɓace na je na kwance tsumman, na ɗauki Dodo na girgiza. Shiru. Na leƙa, ba kowa a ciki, haƙori ɗaya ma ya karye. Na tambayi Iya ina ɗan Habibun yake. Ta ce, "Dodo ai ba ajiya yake yi ba." Na ɗauka ta jefar da shi ne don kada in riƙa gani ina kuka, na kuwa yi fushi da ita. Ta ce za ta murza mini wani wanda ya fi shi, har da hula. Na ce ba na so. Daga ranar tire ya koma na shanya kuɓewa. Ta ci gaba da ba ni tatsuniyoyi irin na kowa, ina ji da rabin kunne. Dararen da suka biyo baya sun fi na da tsawo, don yanzu ko abin jira ba ni da shi.

Iya ta rasu shekarar da zan shiga sakandare. Da aka zo kwashe kayanta na buɗe tsumman nan. Yawancinsu sun farfashe. Na ɗauki matar marar baki na sa a aljihu, ban san dalili ba. Dodo na bar shi a bakin rumbu, damina ta mayar da shi inda ya fito.

Na koma Kura, gidanmu da ban sani ba. Aka ba ni shagon kwana a ƙofar gida. Yaya ba ta canza ba. "Kai" nake, ko "yaron nan", ko "na Iya". In ta yi miya da nama, tsoka mafi girma tana cikin kwanona, amma Zainabu ce ke kawowa. Na girma, na fahimci al'ada, har ina yi wa abokaina bayaninta kamar ba ta dame ni ba. Ƙarya nake, ta dame ni.

Ranar da abin ya faru ba wata rana ba ce ta musamman. Ana shirin bikin Zainabu, na riga na fara gemu, aka ce in sauko da tsofaffin kwanukan Yaya daga kan kabad a wanke. Jere ne, babba cikin babba. Ina buɗewa ina miƙa wa yara, har na zo kan wata 'yar ƙaramar samira a can ciki. Na ji wani abu yana motsi. Na buɗe, na warware ƙyallen da aka naɗe shi.

Shi ne. Tsinken mashin ya tafi, hannu ɗaya ya taɓa karyewa an liƙa shi da ƙaro. Yumɓun da na sani ja-ja ne mai kaushi, wannan kuwa ya yi baƙi ya yi santsi, irin santsin da ƙotar fartanya ke yi in ta daɗe a hannu. Ba ajiye shi kawai aka yi ba. Ina tsaye da shi a tafina, sai yatsun nan biyu masu ƙyalle suka dawo mini.

Yaya ta shigo da tsintsiya. Ta ga abin da ke hannuna, ta saki tsintsiyar.

"Kai, a hankali," ta ce. "Kada ka fasa mini Habibu."

Ta ji abin da ta faɗa. Ta kai gefen mayafinta ta rufe baki, kamar yarinyar da ta yi ɓari. Mun tsaya haka, tana kallon ƙasa, ni ina kallonta. Ashe haka take faɗinsa, tana ɗan jan ƙarshen, kuma bai yi mata nauyi a harshe ba ko kaɗan. Sunan da aka saba faɗa ne, ba dai a gabana ba. Ta miƙo hannu, na sa mata shi. Ta naɗe, ta mayar cikin samira, ta rufe, ta fita tana faɗa da yara wai sun jiƙa mata tsakar gida.

Na daɗe ina tunanin labarin nan na Iya. Ina yaro na ɗauka nawa ne, ni ne jarumin da zai shiga cikin Dodo ya ceto uwarsa. Iya ta san ba haka zai ƙare ba, ko kuma ita ma ba ta sani ba, wurin ne ya yanke. Abin da na sani shi ne, a daren da na ce ba mai nemana, akwai wadda ta jira kowa ya yi barci, ta fito ta cusa hannu cikin ƙaya. Ba na cewa al'adar nan ta kyauta mini. Ta ci mini shekarun da ba za su dawo ba, ita ma ta ci mata. Shi ya sa ɗana na fari nake kiran sunansa safe da yamma, a gaban kowa, har Yaya takan ce, "Yaran yanzu ba ku da ta ido." Tana faɗa tana jawo shi kan cinyarta.

Har yau ba ta sake faɗin sunana ba, ni ma ban nema ba. Habibu yana wurinta a cikin samira. Matar nan marar baki kuwa tana shagona, a cikin gwangwanin da nake zuba ƙananan notuna. Ranar da abokina ya tafi da wayarsa na fito da ita na goge mata ƙura. Da can na sha ɗaukar ƙusa da niyyar in tsaga mata baki. Na mayar da ita yadda Iya ta bar ta.